Nazarin lamari: 'yar jaridar da ke bin diddigin kafofin wasanni, da shekarar da kuɗin caca ya shigo gidanta

## Kafin 2018: yadda aikin yake

A Amurka akwai wani reshe na aikin jarida da masu yinsa ba su da yawa, wato masu rubutu a kan su kansu kafofin da ke nuna wasanni. Ba ruwansu da wanda ya ci ƙwallo ko wanda ya sha kashi. Abin da suke bi shi ne wace tasha ta sayi haƙƙin nuna wace gasa, nawa ta biya, wane mai sharhi aka ɗauka, wa aka sallama, mutum nawa suka kalli wasa. Sai kuma tambayar da ta fi duka nauyi: tashar da ta zuba biliyoyin daloli a cikin gasa, za ta iya faɗin gaskiya a kan gasar?

Wadda wannan nazari ya bi tana cikinsu. An sakaya sunanta, da na gidan jaridar da ta yi wa aiki, da na kamfanin cacar da zai shigo labarin nan gaba. Gidan matsakaici ne, a intanet yake buga labarai, kuma ita kaɗai ke riƙe da wannan fanni. Sau biyu a mako shafinta ke fita.

Babban kayan aikinta waya ce. Jami'an hulɗa da jama'a na tashoshi kan turo mata alƙaluman masu kallo tun kafin a sanar, da sharaɗin kada ta buga sai lokacin da suka tsayar. Dillalan da ke nema wa masu sharhi kwantiragi kan raɗa mata cewa wane zai koma tasha kaza, sau da yawa don su ɗaga farashin mutuminsu. Akwai kuma ma'aikatan cikin gida waɗanda wani abu ya ƙona wa rai. Hulɗarta da rukuni biyu na farko harka ce ta ba ni gishiri in ba ka manda: suna ba ta labarin da za ta riga kowa fitarwa, ita kuma tana ba su shafin da ake karantawa a ofisoshin da ake yanke shawara. Ba wanda ya taɓa gindaya mata sharaɗi a fili, amma ta san mai ba ka labari yau yana lura da abin da ka rubuta a kansa jiya.

Abin da ya ja ta zuwa fannin ya faru ne a watan Agustan 2013. Tashar wasanni ta ESPN ta janye sunanta daga wani shirin bincike da take yi tare da Frontline na tashar PBS, a kan raunin ƙwaƙwalwa da 'yan wasan gasar ƙwallon Amurka ta NFL ke samu. A lokacin ESPN na riƙe da yarjejeniyar da ta ƙulla a 2011, ta dala biliyan 15.2 cikin shekara takwas, don nuna wasannin daren Litinin na gasar. New York Times ta ruwaito cewa shugabannin NFL sun nuna ɓacin ransu a wata ganawa da shugabannin tashar gab da janyewar. ESPN ta ce dalilinta shi ne ba ta da iko a kan abin da shirin zai ƙunsa, NFL kuma ta musanta cewa ta matsa lamba. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, 'yan jaridar waje ne suka sa jama'a suka san an yi ganawar.

Tun 2005 ESPN na da mai sa ido na cikin gida, wanda take biya don ya duba aikinta ya soke shi a bainar jama'a. Ta rufe kujerar a 2018, shekara guda bayan New York Times ta rufe irin tata. Daga nan nauyin ya ƙara komawa kan 'yan kaɗan irin wannan marubuciya.

## Mayu 2018 zuwa 2020: shekarun da shafin ya yi tashe

Ranar 14 ga Mayu 2018 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da jihar New Jersey ta daɗe tana fafatawa, ta soke dokar 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni. Kamfanonin caca suka shiga neman sabbin 'yan caca, kuma waɗanda suke nema su ne dai masu kallon tashoshi da masu karanta shafukan wasanni. Tashar Fox ta ƙaddamar da dandalin caca na Fox Bet a 2019. A Janairun 2020 kamfanin caca na Penn ya sayi kashi 36 cikin ɗari na kafar labaran wasanni ta Barstool Sports a kan dala miliyan 163.

Ta bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya, tana maimaita tambayoyi iri guda. Wakilin da ya riga kowa sanin cewa tauraron ƙungiya ya ji rauni, an yarda ya yi caca? Wa ke ganin labarinsa kafin ya fita? In kamfanin caca ne ke ɗaukar nauyin shiri, wa ke zaɓar abin da za a tattauna? Ta kuma yi rubutu mai tsawo a kan abin da ya faru a shafin labaran wasanni na Deadspin a Oktoban 2019, inda sabbin masu gidan suka ba da umarnin a tsaya kan wasanni kawai, aka kori editan da ke riƙe da gidan, sauran marubuta suka ajiye aiki cikin 'yan kwanaki. Masu karanta shafinta suka ƙaru, abokan aiki a wasu gidaje suka fara ambaton ta.

## 2021: matsalar ta shigo gida

A Afrilun 2021 NFL, wadda ta yi shekaru tana adawa da halatta caca, ta sanar da Caesars da DraftKings da FanDuel a matsayin abokan hulɗarta na caca. A shekarar ce kafar labaran wasanni ta The Athletic ta ƙulla da kamfanin caca na BetMGM, mujallar Sports Illustrated kuma ta ba da sunanta aka buɗe dandalin caca da shi.

A cikin wannan guguwa gidanta ma ya sa hannu. Tsarin yarjejeniyar irin wanda aka saba ne: alƙaluman cacar kamfanin, wato abin da mai caca zai samu in hasashensa ya faɗa daidai, za su riƙa fitowa a jikin duk labarin share fage na wasa, kuma duk mai karatun da ya latsa daga shafin gidan ya je ya buɗe asusu, gidan na da lada a kansa. Ma'ana, kuɗin shigar gidan ya ɗauru da yawan masu karatun da suka zama 'yan caca. A taron ma'aikata ta ji labarin, kamar kowa. Kwana biyu bayan sanarwar saƙonni suka fara shigo mata, kuma ma'anar yawancinsu ɗaya ce: idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

## Gwaji na farko: alkawarin baki

Ta je wurin babban edita, mutumin da ta yarda da shi tun da daɗewa. Ya tabbatar mata cewa akwai katanga tsakanin ɗakin labarai da sashen kasuwanci, ta rubuta duk abin da ta iya tabbatarwa, shi zai tsaya mata. Ba a sa komai a takarda ba, ita ma ba ta nema ba.

Watannin farko ba abin da ya faru. Sai ta kammala bincike a kan tallan da tashoshi ke karantawa a tsakiyar wasa, wanda ke cewa cacar farko babu asara a cikinta. Abin da ta nuna shi ne, in mutum ya faɗi, ba kuɗinsa ake mayar masa ba, ana ba shi wani lada ne a cikin asusun wanda ba ya ciruwa sai an sake yin caca da shi. Kamfanoni huɗu ta ambata, abokin hulɗar gidanta na ciki.

Labarin ya yi mako uku a ajiye. Da farko aka ce lauya na dubawa, wanda ba sabon abu ba ne. Daga baya ta gano an miƙa wa sashen kasuwanci kwafi, wai don kada a shammace su. Ya fita da yammacin Juma'a, lokacin da masu karatu suka fi ƙaranci, an sassauta kanunsa, an mayar da sakin layin da ya shafi abokin hulɗar can ƙasa. Ba a cire jimla ko ɗaya ba, ba a kuma ƙara ƙarya ba. Da ta yi magana, aka ce ta nuna abin da aka cire. Kafin ƙarshen shekara babban editan ya bar gidan, kuma wanda ya gaje shi bai san da wani alkawari ba.

## Gwaji na biyu: layin bayyana alaƙa da kauce wa abokin gida

Sai ta ɗauki matakai biyu da kanta. Ta sa layi a ƙasan duk rubutun da ya shafi caca, mai cewa gidan na da hulɗar kasuwanci da kamfani kaza. Ta kuma daina rubutu a kan wannan kamfani gaba ɗaya, da tunanin cewa wanda bai taɓa abu ba ba za a ce ya sassauta masa ba.

Layin ya rage zargin ɓoye-ɓoye. Kaucewar kuwa giɓi ta buɗe. Duk lokacin da ta jera kamfanoni tana suka, ɗaya ba ya ciki, kuma masu karatu na ƙirgawa. Kamfanin ya samu abin da ko kuɗi ba su saya masa ba: marubuciyar da ta fi kowa bin fannin ba ta ambaton sa. Jami'in hulɗa da jama'a na wata tasha da ta soka ya daina turo mata alƙaluman masu kallo da wuri, ya kuma riƙa gaya wa wasu 'yan jarida cewa sukarta mai zaɓe ce.

Abin da ya fi taɓa ta ya zo a Oktoban 2021. Ta cikin takardun kotu wani imel na 2011 ya fito, inda Adam Schefter, wakilin ESPN, ya tura wa Bruce Allen, jami'in ƙungiyar Washington ta gasar NFL a lokacin, cikakken labarin da bai buga ba don ya duba, har yana kiran sa edita. Ta rubuta cewa nuna wa wanda labari ya shafa daftari ya saɓa wa ƙa'idar aiki. Wani mai karatu ya tambaye ta a fili: ita fa, wa ke ganin nata daftarin kafin ya fita? Ta san amsar, ta kuma san ba ta da izinin faɗa. Ba ta ba shi amsa ba.

## 2022: gwaji na uku, cin gashin kai

Ta ajiye aiki, ta buɗe wasiƙar imel da masu karatu ke biya duk wata. Babu mai gida, babu sashen kasuwanci, babu mai ajiye mata labari mako uku.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Da ta duba jerin masu biya, sai ta ga kaso mai yawa ma'aikatan tashoshi ne da dillalai da jami'an gasanni, wato mutanen da take rubutu a kansu. Ta kuma lura cewa sabbin masu biya na shigowa ne ranar da ta riga kowa sanar da sauyin sheƙar wani mai sharhi, ba ranar da ta yi doguwar suka ba. Irin wannan labari kuwa a hannun dillalai da jami'an hulɗa yake. Dogaron da ta yi da su a da don suna ne, yanzu ya zama don kuɗin shiga.

Wani kamfanin caca, ba wancan ba, ya nemi ɗaukar nauyin wasiƙar a kan kuɗin da ya zarce abin da masu biya ke kawowa gaba ɗaya. Ta yi mako guda tana juya maganar kafin ta ƙi.

Sai batun lauya. Ta yi wata biyu tana haɗa labari a kan yadda wani kamfanin haɗa shirye-shirye ke jinkirta biyan masu ɗaukar hoto da yake ɗauka aikin kwana-kwana. Da ta aika da tambayoyi, wasiƙar lauyoyi ce ta dawo, mai barazanar ƙarar ɓata suna. A gidan jarida irin wannan wasiƙa teburin lauyan gida take zuwa. Ita kaɗai, kuɗin kare kanta ma ya isa ya rufe wasiƙar tata ko da ita ke da gaskiya. Duk mai wannan aiki a Amurka yana tuna 2016, lokacin da kotu ta yanke wa Gawker, uwar gidan Deadspin a wancan zamani, diyyar dala miliyan 140 a ƙarar da ɗan kokawa Hulk Hogan ya shigar, kamfanin ya durƙushe cikin watanni. Ta ajiye labarin.

## 2023: abin da ya yi aiki

Sauyin ya fara ne daga inda take samo labari. Ta rage dogaro da waya, ta koma kan takardun da doka ko kasuwa ta tilasta a fitar.

Alƙaluman masu kallo ne misali mafi sauƙi. A da takan buga abin da tasha ta turo: wasa kaza ya fi na shekaru kaza yawan masu kallo. Da ta zauna ta karanci yadda kamfanin Nielsen ke ƙirga, sai ta riƙa tuna wa masu karatu cewa tun daga kakar 2020 ake haɗa masu kallo a wajen gida, kamar gidajen cin abinci da otal-otal, a cikin jimillar. Don haka kwatanta adadin bana da na kafin 2020 ba tare da faɗin haka ba, awo ne da mudu biyu daban. Wannan bayani ba ya buƙatar yardar kowane jami'in hulɗa.

Hukumomin kula da caca na jihohi irin su New Jersey da New York na fitar da rahotannin abin da aka zuba a caca da abin da kamfanoni suka samu. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari dole su ba masu zuba jari bayani duk wata uku, kuma a nan shugabanninsu kan faɗi abin da ba sa faɗa wa 'yan jarida, har da abin da suke kashewa a talla don jawo sabbin 'yan caca. A Agustan 2023 aka sanar cewa Penn zai biya ESPN dala biliyan 1.5 cikin shekara goma don amfani da sunan ESPN Bet, ya kuma mayar da Barstool ga Dave Portnoy, wanda ya kafa ta, a kan dala ɗaya. A Oktoba Disney, uwar gidan ESPN, ta fitar da lissafin kuɗin sashen wasanninta daban, wanda ESPN ce ƙashin bayansa. Daga takardun kamfanonin ta yi sharhin waɗannan duka. Shi ma tallan nan na babu asara, da jihar Ohio ta buɗe cacar wasanni a Janairun 2023 da ƙa'idar hana irin wannan lafazi, ta koma kansa, ta ambaci duk kamfanonin, har da tsohon abokin hulɗar gidanta.

Rubutun da ya fi nuna sabon salon shi ne na Yunin 2023. Ranar zaɓen sabbin 'yan wasa na gasar ƙwallon kwando ta NBA, ɗan jarida Shams Charania, wanda ke da hulɗar aiki da FanDuel a lokacin, ya wallafa cewa ɗan wasa Scoot Henderson na ƙara samun damar zama zaɓi na biyu. Alƙaluman caca suka juya nan take. Da dare ƙungiyar Charlotte, mai zaɓi na biyun, ta ɗauki Brandon Miller. FanDuel ya ce ba ya sanin labaran Charania kafin su fita, kuma ba a nuna wata shaidar maguɗi ba. Ita ma ba ta zarge shi da komai ba. Ta jera lokacin saƙon, motsin alƙaluma, da sakamakon. Sannan ta aika wa gidajen labaran wasanni da dama tambaya guda a rubuce: kuna da rubutacciyar ƙa'ida a kan caca ga wakilan da ke samun labarin cikin gida? Ta buga amsar waɗanda suka amsa, ta kuma lissafa waɗanda suka yi shiru.

Mataki na biyu takarda ce mai shafi ɗaya. Ta ƙulla da wani ɗakin labarai da ba na neman riba ba, wanda ba ya karɓar tallan caca. Su za su riƙa buga manyan bincikenta, editansu ya tace, lauyansu ya duba, kuma in ƙara ta taso su ke ɗauka. An rubuta cewa ba wanda ke wajen sashen labarai da zai ga daftari, kuma in za a jinkirta labari fiye da kwana goma sai an ba ta dalili a rubuce. A shafinta kuma ta wallafa ƙa'idojinta: ba ta caca a kan wasanni, ba ta karɓar talla daga kamfanin caca ko tasha ko gasa, ba ta nuna wa kowa daftari, kuma in dillali ne ya ba ta labari za ta ce daga ɓangaren mai sharhin ya fito.

Wannan na ƙarshe ya kori yawancin dillalai.

## Sakamako, zuwa 2025

Kuɗin shigarta bai kai albashinta na da ba. Sau ɗaya a mako take rubutu yanzu. Labarin sauyin sheƙa a wurin wasu take karantawa kamar kowa, kuma wasu masu biya daga cikin masana'antar sun janye. Labarin masu ɗaukar hoto ya fita bayan lauya ya bi shi layi-layi. Wasiƙar barazana ta sake zuwa, lauyan ɗakin labaran ya amsa, ba a shigar da ƙara ba. Jami'an hulɗa da jama'a, har da wanda ya yanke ta a 2021, sun dawo suna amsa tambayoyinta, domin ko sun amsa ko ba su amsa ba rubutun zai fita, kuma za a rubuta cewa ba su amsa ba.

## Hukunci

A ganina gwaji biyun farko sun gaza ne saboda dukansu a kan halin mutum aka gina su. Babban editan ba maƙaryaci ba ne, amma alkawarinsa da shi ya tafi, kuma tun yana nan ma an samu hanyar rage wa labari ƙarfi ba tare da an taɓa kalma ɗaya ba. Lokacin bugawa, kanu, da inda aka ajiye sakin layi sun wadatar. Kauce wa abokin gida kuwa kuskurenta ne ita kanta, kuma shi ne mafi girma a cikin lamarin: ta kare sunanta, masu karatu suka yi asarar sukar da suka fi buƙata.

Ba na ganin ficewa daga gidan ce ta warware matsalar. Shekarar 2022 ta nuna cewa mai cin gashin kansa na iya zama ya fi ma'aikaci ɗaurewa, in abincinsa na hannun majiyoyinsa kuma ba shi da lauya. Abin da ya sauya lissafin shi ne ta daina buƙatar abin da tashoshi ke iya hana ta. Jami'in hulɗa na iya riƙe labarin gobe, amma ba shi da iko a kan rahoton hukumar jiha ko takardar kotu. Takardar nan mai shafi ɗaya kuma ta ba ta amsar da ta rasa a Oktoban 2021.

Akwai abin da aka rasa, kuma ba ƙarami ba ne. Wasu labarai ba sa cikin kowace takarda. Ganawar 2013 ta bakin majiyoyi ta fito, kuma wanda ya nisanci masana'antar kamar yadda ta yi ba lallai a kira shi ranar da irin wannan ta faru ba. Fannin na buƙatar masu majiya a ciki da masu karatun takarda, amma kujerun da ke biyan kowannensu na raguwa. New York Times, wadda ta fitar da labarin ganawar, ta rushe sashen wasanninta a Yulin 2023, ta miƙa aikin ga The Athletic da ta saya a kan dala miliyan 550 a 2022.

A Agustan 2025 aka sanar da yarjejeniyar da za ta ba ESPN tashar NFL Network, ita kuma NFL ta mallaki kashi 10 cikin ɗari na ESPN. Wato yarjejeniyar ta tanadi gasar da ake ba da labarinta ta zama mai hannun jari a gidan da ke ba da labarin. A makon sanarwar marubuciyar ta aika da tambayoyinta a rubuce: wa zai riƙa ganin binciken da ya shafi gasar kafin ya fita, kuma ko akwai takardar da ta hana hakan.